Gwaggo Tasalla da Buhun Littattafaina

Ku da kuka ci ƙosan Gwaggo Tasalla kun sani, ba ta ganin takarda ta wuce. Sai ta ɗaga, ta juya ta, ta tabbatar babu rubutun Arabiyya, sannan ta ce, "Wannan ta ƙosai biyar ce."

Shekarar da taki ya gagara, gero ya ƙi, ni kuma na nace sai na zana jarrabawar shiga jami'a, injiniya nake so. Baba ba shi da halin sayen ko littafi ɗaya. Wani tsohon malami a Bagwai ya tausaya, ya ba ni buhu guda na tsofaffin littattafai. Gwaggo ta zagaya buhun sau biyu.

"Hadiza, duk wannan a kai ɗaya? Nawa za a tambaye ki?"

"Huɗu, Gwaggo. Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Turanci."

"To ware huɗun. Sauran nawa ne."

Wallahi wata uku mutanen garinmu suna cin ƙosai a cikin Tarihi da Labarin Ƙasa!

Ba ta iya boko ba, sai ta raɗa musu suna da hotunan ciki. Fiziks shi ne "mai guga", Kemistiri "mai kwalabe", Turanci kuwa "surutu". Ni Turancin na fi so, don ba ya ba ni wuya. Tana leƙowa ta ga shafi babu zane, sai ta fizge.

"Wanda kika iya shi kike ta lasa! Koma wurin mai guga, shi ne yake sa ki kuka."

Saura kwana shida jarrabawa, littafin tsofaffin tambayoyi ya ɓace, shi kaɗai gare ni. Na fita a rikice, sai ga Malam Sale mai shayi yana cin ƙosai a takarda cike da lambobi. Innalillahi! Na koma gida ina kuka.

"Gwaggo, kin kashe ni!"

Sai ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta buɗe kwallar aurenta, ta ciro littafin a naɗe cikin zane.

"Ɗakinku yana yoyo, shashasha. Waccan tsohuwar kalanda ce. Na yi miki kama da akuya?"

Sai na zube a ƙasa, ina dariya ina share hawaye.

Ran da sakamako ya fito na ci, na shigo da gudu ina ihu. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Madalla. To injiniya, murhuna yana hayaƙi, fara da shi."

Ina aji uku a jami'a ta rasu, murhun ma ban gyara ba. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ta inuwa mai sanyi.