'Yar Ingila Mai Kujera Biyu

Akwai wani wari da har yau in na ji shi sai ƙafata ta tsaya da kanta: fetur da ya gauraya da tsohuwar fatar kujera wadda rana ta gasa. Kai mai karatu wataƙila ka toshe hanci ka wuce. Ni kuwa warin rigar Babana ke nan, kuma da shi na girma a unguwar Manfuha.

A nan Riyad aka haife ni, a ɗaki biyu da ke saman shagon wani mai gasa burodi. Baba makanike ne a garejin kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, wani dattijo mai son tsofaffin motoci. Tun a Kano Baba ya koyi sana'ar, a hannun wani tsoho da ya yi wa Turawa gyara. Shi ya sa da dattijon ya sayo wata ƙaramar motar Ingila, koriya, mai kujera biyu, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya, ya ce kada wanda ya taɓa ta sai Baba. 'Yar Ingila muke ce mata a gida. Umma ba ta taɓa ganin abin burgewa a jikinta ba. Takan ce, "Wace irin mota ce wannan da ko buhun shinkafa ba ta ɗauka? Wanda ya ƙera ta ba shi da dangi."

Da zafi, lokacin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, motar kwanciya take yi a lulluɓe a ƙuryar gareji. Sai sanyi ya shigo, an fara ganin masu gasa masara a bakin titi, sannan ake yaye mata zane. Ranar Juma'a bayan la'asar gareji ba kowa, sai Baba ya riƙe hannuna mu tafi. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. A hanya yana yi mini Hausa ina ba shi amsa da Larabci, yana cewa ko akuyar Kano ta fi ni iya gaisuwa.

Motar kafireto biyu gare ta, masu gauraya fetur da iska, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma sai sun sha iska daidai da juna injin yake tafiya lafiya. Baba ba ya amfani da wani ma'auni. Guntun tiyo na roba yake ɗauka, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireto, ya rufe ido ya saurari zuƙar iskar. Ya koma ɗayan ya saurara. Ya murɗa wata 'yar ƙusa kaɗan, ya sake komawa, har sai muryoyin biyu sun zama ɗaya. Wata rana ya sa mini tiyon a kunne. Da farko hayaniya kawai na ji, amma kafin sanyin shekarar ya ƙare na fara gane wanda ya fi haɗama. Ranar da na faɗa daidai, shawarma biyu ya saya mini, ya ce kada in gaya wa Umma.

Amma ban taɓa tafiya a cikinta ba. Nakan zauna a kujera in riƙe sitiyarin katako, injin a kashe. Shi kansa Baba zagaye ɗaya yake yi da ita don gwaji ya dawo ya goge inda hannunsa ya taɓa. In na yi magiya sai ya ce, "Kayan mutane ne, Uwata. Amana ba a yawo da ita." A lokacin ma mace ba ta tuƙi a ƙasar nan, don haka ko a mafarki ban kai kaina nesa ba. Da dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da ita ba tare da sun ce wa Baba komai ba. Ya je da safe ya tarar da zanen a ninke a ƙasa. Ranar ya dawo gida da wuri, kuma bai ci abincin rana ba.

Shekaru suka wuce. Na zama ma'aikaciyar jinya, aka bar mata su yi tuƙi, na yi lasisi. Baba kuwa ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, babu mai sabunta masa iƙama, wato takardar zama. Aka buga masa fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa, shi da Umma za su koma Kano cikin 'yan makonni. Na rasa abin da zan ba mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a ƙarƙashin motocin wasu. Sai na ƙudura cewa kafin ya hau jirgi, sai ya tuƙa 'yar Ingila wadda ba ta kowa ba ce sai tamu, ina zaune a gefensa.

Na yi ta duba tallace-tallace a waya har na samu wani mai sayar da tsofaffin motoci a unguwar Suwaidi, yana da guda biyu irin tata. Muka je da hantsi. Ta farko ja ce, tana ƙyalli, ina ganinta na ji zuciyata ta gama ciniki. Baba ko kallon fentin bai yi ba. Ya ciro ɗan maganaɗisu a naɗe cikin hankici, ya durƙusa da ƙyar yana bin ƙasan ƙofofi da shi. A wurare da yawa maganaɗisun ya zame ya faɗi, alamar tsatsa ta cinye ƙarfen an cike ramin an shafe da fenti.

"Kyan ɗan maciji," ya ce da ni da Hausa. Ga mai motar kuwa ya yi murmushi ya ce, "Masha Allah."

Ta biyun fara ce da ta koɗe, kujerunta sun tsage, ƙura ta rufe gilashinta. Amma duk inda ya ɗora maganaɗisu sai ya kama gam. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya ƙwanƙwasa, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina. Sannan ya sa aka tayar da ita, ya zura hannu a aljihu, sai ga guntun tiyo. Ashe tun daga gida ya taho da shi.

Ya sa a kunnen dama ya rufe ido. Ya daɗe. Ya mayar kunnen hagu. Ya sake dawowa na dama. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na daɗe da lura da yadda yake ƙure muryar talabijin, da yadda yake kallon bakin mutum in ana magana, amma ban taɓa yarda na faɗa wa kaina ba. Mai motar yana tsaye yana jira. Na ji kunya ta kama ni a madadin Baba, na ji kamar in kashe injin mu tafi.

Sai ya buɗe ido ya miƙo mini tiyon, ya ce, "Uwata, ke saurara. Nawa sun gama aiki."

Na karɓa na sa a kunne. Na gaba ne mai haɗama. Na nuna masa da yatsa, ya murɗa ƙusar, na girgiza kai, ya ƙara kaɗan, na ɗaga masa hannu. Ya ɗora tafinsa a kan injin ya ji rawar ta kwanta. Mai motar ya tambaye shi a ina 'yarsa ta koyi wannan. Baba ya ce masa a gida, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Wannan za ki saya."

Na saya. Amma a wurin gwajin mota aka ce birkinta bai yi ba, kuma kayan sai an aiko daga Ingila. Kwanaki suna tafiya, kaya ba su iso ba. Na roƙe shi mu yi zagaye ɗaya kawai, a hankali, a bayan layi inda ba mutane. Ya ƙi. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa sakin mota ba birki a kan titi ba, ba zai fara da wadda 'yarsa ke ciki ba. Na yi fushi, na yi kuka, bai motsa ba. Ana gobe tafiyarsu ya shiga ya zauna a kujerar direba inda take ajiye, na zauna a gefensa, ya tayar da ita ya riƙe sitiyari, ba mu je ko'ina ba. Kayan birkin suka iso kwana tara bayan tashinsu.

Yanzu garejin nan babu shi, an rushe layin gaba ɗaya, jirgin ƙasa ma ya ratsa birnin. Makanikan yau kwamfuta suke jona wa mota ta faɗa musu ciwonta. In sanyi ya shigo nakan naɗe rufin in fita bayan gari ranar Juma'a, mutane suna ɗaukar hoto, ni kuwa kewa ce fal a raina.

In na tsaya nakan kira shi ta bidiyo. Sai ya ce in buɗe bonet in kawo wayar kusa da injin. Ya karkata kai, ya rufe ido, Umma tana bayansa tana girgiza mini kai. Na san ba ya jin komai. Can sai ya ce, "Na gaba ya ɗan fi shan iska, rage masa." In ce, "To, Baba." In ɗauki sukundireba in ɗora a kan ƙusar inda zai gani, in yi kamar na murɗa.

"Yawwa," in ji shi. "Yanzu ta yi."