Ranar da Na Naɗa Kawu Barau Alhaji

In kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce Sale ya fara. Ni dai a gabana riga ta kusa hana mutum ganin duniya.

Kawuna Barau manomi ne a wani ƙauye bayan Ƙarfi. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe masa ido biyu, har ta kai in ya shiga gona sai ya nome dawar, ya bar ciyawa tana sa masa albarka. Da na ji likitocin ido sun sauka Funtua za su yi wa talakawa aiki kyauta, na ce bana sai ya ga shukarsa. Amma na san halin asibiti: mai babbar riga kujera, mai faso a ƙafa ƙasa. Sai na aro shadda da hula wajen maigidana, wanda nake wa jiran shago a Malumfashi.

Talata, Ƙarfi

Biyar da rabi, ana sallame asuba, na hau babur. Shida da kwata ina ƙofar Kawu, kuma rabin hanyar ni na goya babur ɗin saboda kwazazzabai.

Na zura masa rigar, ya shafa ta ya ce, "Wannan buhun fa?"

"Maganin layi ne, Kawu. Kai dai ka riƙa gyaran murya, kar ka ce komai."

Ƙarfe bakwai muna bakin titi. Direban bas na hango shadda ya taka birki, ya ce, "Alhaji, gaba." Ni aka cusa ni baya tsakanin buhun masara da akuya. A shingen kusa da Bakori jami'i ya leƙo, ya ga Kawu, ya sara, ko but ɗin motar ba a buɗe ba.

Funtua

Takwas da minti ashirin muka isa. Layi kuwa, na rantse wutsiyarsa tana Danja. Tsofaffi zube a ƙasa, kowa da sandarsa, wasu tun jiya suka tako da ƙafa. Maigadi ya ratsa da mu ta tsakiyarsu har ofis. Ga fanka, ga ruwan sanyi. Na ce a raina, Sale, kai ba ƙaramin shege ba ne.

Malamar da ke rubuta suna ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Alhaji, wannan aikin na marasa hali ne. Naku ɓangaren yana sama, can ana biya. In ma da hali, a taimaka wa na waje da abincin rana."

Kawu bai yi gyaran murya ba. Ya tuɓe rigar, ya rage daga shi sai 'yar sharar gona, ya miƙa mata tafin hannu.

"'Yar nan, taɓa nan. Wane Alhaji kika taɓa gani da wannan kanta? Ni kafin yau ko a mafarki ban wuce Bakori ba. Wannan ja'irin ne ya naɗa ni."

Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce, "Baba, zan rubuta ka, amma layi za ka bi."

Haka muka koma wutsiya, ina rungume da shadda, tsofaffin da muka tsallake suna tambaya, "Alhaji, har an sauko?" Sai la'asar aka duba shi, aka ce gobe aiki. Muka ci tuwon masara miyar kuka, muka shimfiɗa a barandar masallaci. Wani dattijo daga Tsiga da ke gefenmu ya ce bara ma ya ji labarin aikin, kuɗin mota ya zaunar da shi.

Laraba da Alhamis

Laraba ƙarfe goma aka shiga da shi, kafin in gama rake guda an fito. Idon dama aka yi, na hagu sai bayan wata. Alhamis da safe aka cire bandeji. Kawu ya ƙura wa darbejiyar bakin taga ido, ya ce a hankali, "Ashe har yanzu ganye kore ne." Malamar ta ce ya tattaro sunayen irinsa na ƙauyensu, in sun cika mota za a aiko a kwashe su. Nan take ya lissafo mata bakwai.

A dawowa kujerar baya aka ba shi, bai damu ba tunda akwai taga. Gonar kowa sai da ya yi mata gyara daga Funtua har Ƙarfi.

Da azahar muka shiga gida lafiya, mun gode Allah, mun gode wa malamar nan. Maƙwabta suka cika zaure, ni kuwa na gyara zama na ce, "Kawu, faɗa musu wa ya kai ka."

Ya ƙare mini kallo da sabon idonsa tun daga hula har silifa, ya ce, "Shekara huɗu ina jin muryarka ina zaton ka zama mutum. Ashe har yanzu kai ne."