Kayan Gidan Alhaji Sabo

Har gobe ba zan manta da ranar da na loda kayan gidan Alhaji Sabo a mota na kai wa karnuka ba. Lokacin ina shekarata ta huɗu a kamfanin lodin kaya na Alhaji Nasidi a nan Guangzhou ta ƙasar China, ni ne mai kula da sito. Ga wanda bai san aikin ba: ɗan kasuwa zai sari kayansa a Baima ko wata kasuwa, a kawo mana sito, mu auna girman kowane kwali, mu rubuta sunan mai shi, mu jera a kwantena ta bi ruwa zuwa Legas, daga can a haura da ita Kano. Wuri muke sayarwa, kuma ni nake auna shi.

Alhaji Sabo mutumin Fagge ne, ya fi shekara goma a garin nan da iyalinsa. Ba wani attajiri ba ne, amma da wuya ka sami Bahaushen da ya sauka a Guangzhou a waɗannan shekarun bai ci tuwon matarsa, Hajiya Rabi, ba. Shi ke raka baƙo asibiti, shi ke yi masa tafinta wurin 'yan sanda. Maigidana kansa a falonsa ya yi watansa na farko. Ni ma haka.

Wata Talata a lokacin sanyi ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Kwana biyu a asibiti Allah ya karɓi abinsa, muka binne shi a maƙabartar Musulmi. Izinin zaman Hajiya Rabi a jikin nasa yake, don haka dole ta tafi, sai dai ta ƙarasa takaba a Kano. Ta ɗauki abin da jirgi ya yarda ta ɗauka, da 'ya'yanta biyu, Husna mai shekara shida da ƙaninta. Ranar tafiyar ta miƙo mini makullin gidan ta bayan labule.

"Malam Bashir, amana ce," ta ce. "Kayan wasan yaran nan a taimaka a sa musu a kwantena. Sauran a bayar sadaka, ladan ya kai masa."

Na amsa mata ba tare da wani tunani ba, don a ganina abu ne mai sauƙi.

Washegari na sami Alhaji Nasidi da maganar. Kayan wasan kwali uku ne kacal. Ya ce kwantena ta cika, kuma mu ba ma loda gwanjo, kwastan na iya riƙe kayan mutane saboda su. Na san akwai wuri, ni na auna da hannuna. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, gidan da ka fara sauka ne fa." Bai ɗago daga wayarsa ba, ya ce Allah ya jiƙan marigayi, in koma bakin aikina. Da la'asar ɗin ranar aka cike wurin da kwalayen takalman wani ɗan kasuwa daga Maraɗi.

Ranar Juma'a bayan an idar a Masallacin Huaisheng na bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya ina neman mai karɓar kayan. Masu zuwa sari suka ce a otal suke, ina za su kai katifa. Mazauna garin suka ce sabo ma ga shi nan da araha. Wani ya ce matarsa ba za ta yarda da kayan mamaci ba. Mutum ɗaya ne ya biyo ni gidan. Ya sa aka sauko masa da firji da talabijin, ya tafi bai ko tambayi yadda yaran suka sauka ba. Mai gidan hayar kuma ya ba ni kwana uku in kwashe kayan, in ba haka ba ya kira masu shara.

A ofishinmu akwai wata 'yar China, Lin, mai yi mana takardun kwastan. Ta ga na kasa cin abinci ta tambaye ni, na gaya mata. Sai ta ce akwai wani gida a bayan gari da ake tara karnuka da kuliyoyin da aka yasar a titi, tana zuwa taimaka musu ranar Lahadi, kuma a wannan sanyin suna neman barguna, tawul, robobi da kayan wasan yara. Raina ya ɓaci. Bargon da baƙin Alhaji Sabo suka rufa da shi, a shimfiɗa wa kare? Ta bar ni na gama faɗa, sannan ta ce ita dai abin da ta sani ke nan, ko can ko bola.

Na ware sallayu da Alƙur'anai na kai masallaci. Tufafin marigayin na zuba a akwatina. Sauran, har da kayan wasan, muka loda a motar haya ni da Lin.

Mun fi awa ɗaya a hanya. Tsohuwar masana'anta ce aka kewaye da waya, tun daga nesa kana jin haushi da wari. Na tattare rigata ina kaffa-kaffa kada wani kare ya taɓa ni. Mai wurin wata tsohuwa ce 'yar ƙarama mai takalmin roba. Kowane abu da hannu biyu take karɓarsa, ta kakkaɓe, ta ninke, ta yi godiya. Manyan kwanukan da aka sha cika mana da tuwo ta jera su inda ake zuba wa karnuka abinci. Gadon jariri ta sa wa wata kyanwa da ta haihu.

Da aka zo kan kayan wasa, ta zauna a benci da almakashi. Lin ta bayyana mini cewa sai an cire idanun 'yartsana, don kada kare ya haɗiye. Ina tsaye ta ɗauko wani farin zomo na auduga, wanda na sha ganin Husna tana goya shi da ɗankwalin uwarta. Ta ƙwaƙule idanun biyu ta jefa a gwangwani, ta miƙa wa wani kare mai ƙafa uku. Ya ɗauka a baki ya ɗingisa zuwa lungu, ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kai.

Tsohuwar ta tambaya na waye kayan. Da Lin ta gaya mata, ta ajiye almakashin. Ta nemi sunan marigayin, ta maimaita har ya zauna a bakinta, sannan ta sa Lin ta rubuta a allon da suke sa sunayen masu taimaka musu. Na fita waje na tsaya a bayan motar har idona ya bushe.

Bayan mako guda Hajiya Rabi ta kira. Na ce mata kaya sun isa inda ake buƙatarsu, na kwantena kuma ba a samu wuri ba. Sai Husna ta karɓi wayar.

"Kawu, wace yarinya aka ba zomona? Ka ce mata ba ya son a wanke shi da ruwan zafi."

Na ce zan gaya mata. Da uwar ta dawo kan layi na kasa ci gaba da ɓoyewa, na faɗa mata komai. Sai ta tambaye ni:

"Cikin mutanenmu ba wanda ya karɓa?"

"Babu, Hajiya, sai firji da talabijin."

"To. Su ma rai ne da su. Allah ya kai masa ladan. Kada dai Husna ta ji."

Tun daga ranar ba ta sake kiran ko ɗayanmu ba.

A wajen addu'ar arba'in, ina zaune na ji Alhaji Nasidi yana gaya wa jama'a cewa kamfaninsa ne ya tsaya tsayin daka a kan kayan marigayi har aka rabar. Ana ta sa masa albarka. Ban ce komai ba, domin izinin zamana a ƙarƙashin kamfaninsa yake. Wannan shirun nawa ya fi ƙin da ya yi ci mini rai.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, za ku ji ana yawan cewa a nan duk 'yan uwan juna ne. Muna gaisawa da kyau, muna cika sahu, muna cin abinci a tire ɗaya. Amma sana'ar tana koya wa mutum ya dubi kowa da ma'auni, ya ga ko zai sake kawo kaya. Wanda ya mutu ba zai sake ba. In wata rana aka miƙa muku makullin wani, ku fara sanin abin da za ku iya da hannunku kafin ku ce to, kada ku yi alkawari da zuciyar mutanen da kuke aiki da su.