Ajin Malama Tsalle

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun shekarar da ta fara koyar da ajin ƙanana, yara suka laƙaba mata Malama Tsalle, don ba ta buɗe aji sai kowa ya daka tsalle ya taɓo tafin hannunta. Har mijinta, wani tela mai son tsokana, haka yake kiranta in yana neman magana.

Ajin nata bai yi kama da aji ba. Babu benci ko ɗaya, sai tabarmi. A wani lungu akwai kantin wasa na kwalaye da gwangwanayen madara, a wani kuma buhun ƙyallayen da mijinta ke tara mata. Bayan taga akwai filin yashi da bahon ruwa. Da safe waƙa, sai wankin hannu, sai wasa, sai a zauna a da'ira a ci abinci, kowa ya jira ɗan'uwansa. Daga nan tatsuniya, wanda barci ya sace a ƙyale shi. In wata uwa ta tambaya yaushe za a fara karatu, sai ta yi dariya ta ce, "Maman yara, ai tun ɗazu aka fara."

Wata shekara wata tsohuwa ta kawo jikarta, yarinya 'yar firit da ake kira 'Yar Ɗigo.

"Tun da uwarta ta rasu bakinta ya mutu," in ji kakar. "Likita ya ce lafiyarta lau. Ga ta nan, Malama, ni dabarata ta ƙare."

Malama ba ta matsa mata ba. Ta lura kullum yarinyar na raɓewa kusa da kantin kwalaye, sai ta bar mata shi. Aka yi watanni tana jera gwangwanaye tana rushewa. Ran nan Malama ta yafa ƙyalle a ka, ta durƙusa gaban kantin kamar yadda ta saba.

"Mai kanti, akwai sabulu?"

"Ya ƙare," in ji 'Yar Ɗigo, da wata murya kamar ta ɗan tsako.

Malama ta dake. "Kash! To a ba ni ashana." Sai da ta karɓi ashanarta ta ƙarya sannan ta shige bayan ƙofa ta share ido. Kafin hutu yarinyar har faɗa take yi da masu taɓa mata kaya.

Ana cikin haka mai makarantar ta kwanta ciwo, ɗanta ya karɓi ragama. Ba mugun mutum ba ne. Shi ma ta ajin Malama ya bi, ita ta koya masa ɗaura igiyar takalmi. Amma an buɗe sabuwar makaranta a tsallaken titi, inda 'yan shekara uku ke komawa gida da jaka cike da aiki, iyaye kuwa sai kwashe 'ya'yansu suke yi zuwa can. Ya kira ta ofis, ya miƙe ya ba ta kujera.

"Malama, za mu sa benci da allo a ajinki. Filin yashin kuma za a gina aji a kai."

"Yallaɓai, yaran nan ƙashinsu bai yi ƙwari ba. A wasan nan suke koyon magana, da haƙuri, da riƙe abu da yatsu, da..." Ta tsaya. Abin da ta sani sarai a aikace ya ƙi fitowa a baki.

"Na yarda da ke, wallahi," ya ce yana kallon tebur. "Amma uba in ya dawo gida littafi yake buɗewa, ba ya ganin haƙuri a ciki. In aka kwashe yaran duka, wa za ki koya wa?"

Ta yi masa godiya ta fita.

Aka kawo bencina, aka naɗe tabarmi, mai shara ya kwashe kwalaye. 'Yar Ɗigo ta zauna a layin gaba, ƙafafunta na lilo ba su kai ƙasa ba. Malama na nuna harafi da sanda, aji na maimaitawa da ƙarfi, yarinyar kuwa sai ido. Wata rana ta jiƙa wandonta a zaune don ta kasa neman izini, yara suka yi mata dariya. Malama ta gwada satar ɗan lokaci kafin tashi ta yi musu wasa, amma tsakanin bencina babu wurin juyawa. Wani yaro ya fasa leɓe, ubansa ya zo ya yi ta sababi, aka hana.

"Ki ajiye aikin mana," mijinta ya ce, yana taka keken ɗinki. "Ki zo na koya miki sa maɓalli, ko kya huta."

"In na tafi, wadda za a kawo da bulala za ta zo."

"In kin zauna fa?"

Washegari ta koma aji.

Kakar ta tare ta a bakin ƙofa ranar da aka ba da hutu. "Malama, ta koma shirunta, ko a gida. Amma kin ga, ta iya rubuta baƙi uku. Ko shi ma ci gaba ne?"

Malama ta dubi tsohuwar, ta ga amsa ɗaya kawai take roƙo. "Ci gaba ne, Kaka," ta ce.

Da aka dawo, 'Yar Ɗigo ta wuce aji na gaba. Malama kan leƙa ta taga in za ta wuce, ta hango ta a zaune, hannu bisa cinya. Sabuwar malamar yarinyar ta sami Malama a wurin famfo wata safiya, tana fara'a.

"Yaya, wannan 'yar taki akwai natsuwa! Da duk haka suke da na huta. Ko tari ba ta yi."

Aka kaɗa ƙararrawa, Malama Tsalle ta ɗauraye allin da ke hannunta, ta koma aji.