Ƙofar da Kamwendo Ya Bar wa Kifi

"Taku biyu, Kawu! Taku biyu kacal na ce mu toshe, kana yi kamar na ce a haƙa maka kabari."

"Da kabarin ka ce ai da mun shirya, mai kunnen ƙashi."

Nambewe tana tankaɗen garin rogo a ɗakin girki, bangon laka ne kawai tsakaninta da su. Mai ɗaga muryar ɗanta ne Lyson, magidanci da 'ya'ya uku. Mai mayar masa kuwa yayanta ne Kamwendo, wanda shingen kifin zuriyarsu ke hannunsa shekara arba'in. Tun ruwan farko suke wannan faɗa.

Shingen na gora ne, ya ratsa kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, an jera masa kwanduna. In damina ta kankama, kifin mpasa kan baro tafki ya hauro ya zuba ƙwai a tsakuwar can sama, kwandunan su kama rabonsu. A tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, ake barin ƙofa mai faɗin taku biyu domin sauran su wuce. Haka Kamwendo ya gada daga kawunsa, kuma ɗan ƙanwarsa ne zai gaje shi.

"Wa ya rage yana barin ƙofa?" in ji Lyson. "Mutanen bakin tafki sun ɗinke gidajen sauro sun tare kogi. Masu gonar rake sun zuba siminti sun datse ruwa. Kifin da ya tsallake duk wannan, sai mu cire masa hula mu ce a sauka lafiya?"

"Wanda ya tsallake duk wannan ya fi ka hankali. Ba shi hanya."

A gari kowa ya san Kamwendo da ƙofar nan. Sau biyu yana takawa har gonar rake yana roƙon a fasa wa kifi gefen simintin, mai gadi ya ba shi kujera da ruwan sha, ya wuni bai ga kowa ba. Wasu baƙi masu binciken kifi sun taɓa zuwa, suka ɗauke shi hoto a bakin shinge, suka bar masa hula mai tambari, ba su sake dawowa ba. Tun da gwiwoyinsa suka hana shi shiga ruwa, sai ya hau dutse ya zauna, duk mpasa da ya ga ya wuce ya ajiye tsakuwa ɗaya. Bara tsakuwa goma sha ɗaya ya tara. Mutane suna cewa tsohon yana da amana.

Nambewe ce kaɗai ba ta cewa komai, don ta san abin da ba su sani ba. Suna da ƙane, Dalitso, mai ɗan shinge a sama da na Kamwendo. Da kawunsu ya rasu, su biyun suka yi sa-in-sa kan wanda ya fi cancantar babban shingen. Kamwendo ya samu, amma bai huce ba. Damina uku a jere ya toshe ƙofar da ƙaya ta ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani, don kada ko ƙaya ɗaya ta kifi ta isa wurin ƙanensa. Dalitso ya gaji da ɗaga kwando wayam, ya tafi Kudu haƙar ma'adinai. Wasiƙa ɗaya ya aiko. A damina ta huɗu, da yake an hana kifi haurawa ya zuba ƙwai, kwandunan Kamwendo ma suka fara dawowa da ganye, ya je da kansa ya cire ƙayar. Kifin bai taɓa komawa yadda yake ba.

To, don kifi yake gadin ƙofar nan, ko don Dalitso? Wannan bai dami Nambewe ba. Abin da ke cin ranta shi ne tsohon yana da gaskiya, kuma hujja ɗaya da za ta tsayar da Lyson tana cikin bakinsa, ya ƙi furtawa.

Da Lyson ya fice a fusace, ta zagaya wurin yayanta da garin rogo a hannunta.

"Yaya, ka gaya masa abin da ya faru mana."

"Me ya faru?"

"Ni za ka tambaya? Ni na wanke maka ƙafar da ƙaya ta soke."

Ya gyara zaman hular baƙin a kansa. "Rogonki zai sha iska, Nambewe."

Ta yi niyyar faɗa wa ɗan nata da kanta. Amma ƙanwa ba ta tsiraita yayanta a gaban wanda zai gaje shi, ta haɗiye.

Ranar Laraba Lyson ya shiga ruwa da gora shida, ya rufe ƙofar da rana tsaka, mutane suna kallo. Washegari da hantsi ya zo da mpasa guda, ciki taf da ƙwai, ya tsaya a ƙofar ɗakin kawunsa yana murmushi.

"Bakwai, Kawu. A safiya ɗaya. Ga naka."

Kamwendo ya fito ya dafa ƙyaure. Ya daɗe yana kallon cikin kifin, bai miƙa hannu ba.

"Damina uku za ka ji daɗinsa," ya ce. "Kada ka tambaye ni yadda aka yi na sani."