Inna Sadiƙa, Mai Tufatar da Jariran Sabon Birni

Duk wanda ya saba bi ta lungun bayan kasuwar Sabon Birni da hantsi, wajen da masu itace ke sauke kaya, ya san ƙarar keken Inna Sadiƙa. Keken ɗinki ne na hannu, tsoho, fentinsa ya goge a daidai inda tafinta ke kamawa. Takan idar da sallar walaha, ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta jawo kwandon ƙyallaye kusa da ƙafarta, ta yi bismilla. Daga nan sai azahar.

Ƙyallayen nan ragowar yanka ne na telolin kasuwa, waɗanda a da ake sharewa a ƙone. Ita da kanta take bi rumfa rumfa ta karɓo. Idan ta dawo sai ta wanke su tas, don a cewarta sitacin sabuwar atamfa yana cin fatar jariri. Ta shanya, ta zauna ta ware: masu laushi na jiki ne, masu kauri na majanyi, guntayen da ba su kai tafin hannu ba na hula. A cikinsu take fitar da 'yar riga mai igiya a kafaɗa, da nafkin, da ɗan matashi da take cikawa da audugar rimi. Maɓalli ba ya shiga ɗinkinta, don yaro komai baki yake kaiwa. Mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa, marar hali ya yi addu'a, kuma ba ka gane wanda ya yi wanne daga fuskarta.

Ni maƙwabciyarta ce. Katanga ɗaya ta raba mu tun da aka kawo ni unguwar ina amarya, kuma 'ya'yana duka a rigunanta aka yi musu suna. Abin da za ni faɗa a nan, wani na gani da idona, wani kuma waɗanda suka gani ne suka ba ni labari.

Ɗiyar baduku ce, daga wani ƙauye kusa da Alkalawa. A wurin mahaifinta ta koyi riƙon allura da yankan fata. Aure ya kawo ta Sabon Birni, gidan marigayi Malam Na'Allah, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar. Shi ya sayo mata keken daga Maraɗi, da nufin ta riƙa ɗinka wa mata kayan salla. Ta yi hakan na ɗan lokaci, sai ta lura telan manya ba ya ƙaranci a gari, amma jariri ba shi da tela. Mai jego ko dai ta saya na kanti mai tsada da ƙaiƙayi, ko ta naɗe ɗanta a tsohon zane. Sai ta koma wurin ƙanana, ba ta sake waiwayowa ba.

Gadon dukanci bai bar ta ba. A takalmanta ake ganinsa. Wanda ya san bazarar ƙasar Gobir ya san yadda rairayi ke gasa ƙafar babba, balle ta yaro mai koyon tafiya, ga ƙarangiya ko'ina. Inna Sadiƙa takan sa uwa ta tsayar da yaro a kan takardar buhun siminti, ta zagaye ƙafar da gawayi, ta yanka tafin daga guntun fatar akuya mai taushi, ta ɗinka saman da ƙyalle biyu, ta sa 'yar igiya a idon sawu. Takan bar ɗan sarari a gaba. "Ƙahwar yaro ba ta jiran kowa," in ji ta. Akwai samari yau masu tuƙa babur zuwa Burkusuma da ba su san cewa takalminsu na farko a duniya daga hannunta ya fito ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a shekarar da rashin tsaro ya tashi rugage da ƙauyukan bakin iyaka, mutane suka kwararo cikin gari aka sauke su a ajujuwan wata makarantar firamare. Lokacin marka ne, ruwa ba ya ɗaukewa, ɗakuna sun yi sanyi. Cikin waɗanda suka zo akwai wani makiyayi mai suna Labbo da matarsa Kadijatu, tana da ciki wata bakwai. Doguwar tafiyar ƙafa ta tayar mata da naƙuda. Ta haifi ɗiya mace bakwaini a ƙaramin asibitin unguwa, a hannun ungozoma Malama Mardiyya.

Malama Mardiyya ce ta ba ni wannan ɓangare. Ta ce jaririyar tana numfashi, tana ɗan kama nono, amma jikinta ba ya riƙe ɗumi. Kwalbar da ake sa bakwaini sai Sakkwato, hanya kuwa a lokacin ba ta biyuwa da mai ɗanyen jego. Abin da ya rage shi ne a manna ɗiyar a ƙirjin uwarta, fata da fata, dare da rana, ɗumin uwa ya zama kwalbarta. Sun gwada da zane, yana zamewa da zarar Kadijatu ta motsa ko barci ya ɗauke ta. Hulunan kasuwa kuma duk sun haɗiye kan jaririyar har hanci. Malama ta ce a ranta, wannan aikin allura ne, ta aika a gaya wa Inna Sadiƙa.

Kafin saƙon ya iso, Labbo ya riga shi. Wani ne ya nuna masa gidan, aka ce nan ake samun ƙyalle. Ina tsakar gidan a ranar, na zo aron turmi. Ya yi sallama ya tsaya a bakin zaure, dogo, rigarsa jiƙe, sandarsa a hannu. Inna ta fita da mayafinta, ni kuma ina jin su.

"Inna, an ce kina da ƙyallaye," ya ce. "Hwari nike so. Ba babba ba."

"Na mi, ɗana?"

Ya ce matarsa ta haihu, ɗiyar ba ta kai ba. Ya ce biyu sun riga sun binne a ruga, ya san yadda abin yake zuwa, ba ya so ya zo ya same shi hannu wofi a garin mutane.

"Ta cika?" Inna ta tambaya.

"A'a. Tana nan."

"To, rai na Allah na. In Ya karɓi abinSa, ba mu rasa likkahwani, ni da kaina za ni kawo. Amma mai numfashi riga a ka yi mata. Wuce mu tahi in gan ta."

Ta ɗauki zare da almakashi, da wani farin ƙyalle mai laushi da ta daɗe tana ajiya, ta bi shi cikin yayyafi.

A asibiti Malama Mardiyya ta yi mata bayanin abin da ake bukata: ɗiyar ta kwanta a miƙe tsakanin nonon uwa, kanta a juye gefe, hancinta a buɗe, kada ɗaurin ya danne cikinta, kada kuma ya saki. Inna ta saurara har ƙarshe, ta sake tambaya inda ba ta gane ba. Ta auna kan jaririyar da zare, ta ƙulla. Kan bai fi lemun zaƙi ba. A nan zaune, da allurar hannu, ta ɗinka hular farko daga farin ƙyallen, ta sa mata. Kadijatu, wadda tun haihuwar ba ta yi magana da kowa ba, ta kalli ɗiyarta cikin hula ta ce, "Ashe mutum ta."

Majanyin ƙirjin ne ya ba da wuya. Na farko da ta ɗinka ya zame. Na biyu ya riƙe, amma Malama ta sa yatsa ta ce ya matse. Inna ba ta yi musu ba, ta kwance ɗinkin ta koma gida. Washegari da safe na leƙa ta katanga na ga abin da ba za ni manta ba: tsohuwa ta ƙulla gero a ƙyalle daidai nauyin jaririyar, ta saka shi a sabon majanyin, ta ɗaura a ƙirjinta, tana shara. Ta sunkuya, ta miƙe, ta zauna, ta kishingiɗa a tabarma ta juya. Matan gidan suna ta dariya.

"Inna, goyon gero kika koma?" na ce.

"Ku yi ta dariya," ta ce. "In geron ga ya hwaɗi, tsintuwa shi kai. Waccan ba ta tsintuwa."

Na ukun nan shi ya yi. Ɗan aljihu ne mai zurfi a gaba, da hannuwa biyu masu faɗi da ke haye kafaɗa su gitta a baya, a ɗaure a gefe inda uwa za ta iya kwancewa da hannu ɗaya. Ta ɗinka biyu, don in ɗaya ya ɓaci a sa ɗaya. Da yake rana ba ta fitowa, kullum sai ta je ta karɓo wanda ya ɓaci, ta wanke, ta busar a gefen murhu, ta mayar da ɗuminsa. Haka ta yi ta zirya har marka ta wuce. Ran suna aka raɗa wa ɗiyar Jamilatu, ba taro, ba rago, sai dabino da addu'a. Labbo bai yarda ya ɗauke ta ba tukuna. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya tambaya, a ce tana nan, ya tafi.

Ba za ni ce duk wanda Inna ta ɗinka wa ya rayu ba. A wannan daminar ma akwai wani ɗan bakwaini na wata baiwar Allah da ta yi wa irin wannan majanyi, Allah Ya karɓi abinSa. Ta je ta yi gaisuwa, ta dawo ta wuni ba ta taɓa keke ba. Kashegari ta buɗe shi.

Gero ya fara nuna sa'ad da Kadijatu ta shigo gidan da ƙafarta, Labbo na biye, ya tsaya a zaure. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta zaro farar hular nan daga bakin zanenta ta ajiye a tabarma.

"Inna, ta matse ta. Ba ta shiga."

Inna ta ɗauki hular ta juya ta a hannu. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi. Kawo kan in auna." Da aka gama awo ta karɓi Jamilatu ta fita da ita zaure, ta miƙa wa uban. Ya jingine sandarsa da bango ya karɓa da hannu biyu. Bai iya cewa komai da Hausa ba, sai da Fulatanci ya yi godiya, yana maimaitawa.

Inna Sadiƙa, ke ce wadda ta ga mutum inda wasu suka ga gawa. Ba ki yi karatun asibiti ba, ba ki kuma taɓa cewa kin yi ba. An faɗa miki abin da ake so, kin saurara, kin kwance ɗinkinki sau biyu ba tare da jin kunya ba. Ke ce uwar marasa kayan suna. Allura ƙarama ce, amma a hannunki ta rufa asirin gidajen da ba su ƙirguwa.

Labarin majanyin bai tsaya a nan ba. Malama Mardiyya ta roƙi a ɗinka mata wasu ta ajiye a asibiti. Wata abokiyar aikinta ta garin Isa ta gani, ta sa aka aika mata da ɗaya a motar haya, matan can suka kwance shi suka kwaikwaya. Inna ba ta taɓa ɓoye yankanta ba. Duk matar da ta zo koyo sai ta ba ta wuri a tabarma. Kadijatu ma ta zauna a wannan tabarma wata da watanni kafin su koma Isa da zama, kuma na ji yanzu ita ke ɗinka wa yaran unguwarsu takalma. Jamilatu ta shiga makaranta.

Bana Inna ta ajiye aiki. Yanar ido ta rufe mata gani, an yi mata aiki, ido ɗaya ya buɗe, amma hannu ya soma rawa, zare ba ya shiga kafar allura. Bayan Babbar Salla ta tara matan lungunmu ta ce keken ba na gado ba ne, na unguwa ne. Zai zauna a ɗakinta, duk mai so ta zo ta ɗinka, sharaɗi ɗaya, cikin kowane ɗinki uku ɗaya na wadda ba ta da shi ne. Yanzu takan zauna a gefe da carbinta, wasu na juya keken.

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara miki lafiya, Ya suturta ki ranar da kowa ke neman sutura, Ya jiƙan Malam Na'Allah.

Ku kuma 'yan'uwana mata, daga Sabon Birni har Isa da duk inda wannan rubutu ya kai, abin da Inna ta yi ba ya bukatar shago. Kowace cikinmu tana da zanen da ta daina ɗaurawa a ƙasan akwati. Hular jariri ba ta kai wahalar tuƙa tuwo ba. Teloli, kada ku ƙone ragowar yanka, ku tambaya a unguwarku wa ke so. Maza, wanda ya iya saya wa matarsa keke ko da tsoho ne, ya saya.

Da na gaya mata za ni rubuta labarinta mutane su karanta, ta ci gaba da jan carbi. Na ɗauka za ta hana. Sai ta ce, "Mutane da yawa za su gani?" Na ce in sha Allahu.

"To ki sa musu cewa Halimatu ta bayan masallaci watanta ya tsaya, kuma ba ta da majanyi."

Na sa, Inna. Saura mu ga wadda za ta riga kai mata.