Hannun Dama, Hannun Hagu

A farkon shekarun saba'in, mu a Nijar motoci hannun dama suke bi, na Najeriya kuwa hagu. Hanyar iyaka zuwa Magariya jar ƙasa ce, gefenta duk rairayi, saboda haka kowane direba tsakiya yake bi sai in ya hango wata mota.

Ina goyon 'yata ta fari lokacin, na shiga motar haya ina dawowa daga biki a wani ƙauye kusa da iyaka. Direban, wani dattijo ɗan Dungas mai faɗan tsiya, ya ba ni gidan gaba saboda jaririyar. Na kwance goyon na ɗora ta a cinya.

Muna shan wata kwana sai ga babbar mota daga Kano, an labta mata buhuna, ta cika hanya. Direbanmu ya karkata dama yadda ya saba. Na Kanon ya manta ya tsallako iyaka, ya karkata hagunsa, wanda shi ne damanmu. Namu ya ƙara matsawa, shi ma ya ƙara. Kowa yana ƙoƙarin ba ɗan'uwansa hanya, kuma kowa kan ɗan'uwansa ya nufa.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na ga fuskar direban can, har da jan goron bakinsa. Na kifa kan yarinyar, na ƙanƙame ta da iya ƙarfina.

Dattijon ya watsa mu cikin gonar gero, motar ta kafe. Babbar motar ta gifta mu da ƙyar, ta tsaya.

"Kai ɗan nan, hauka kake?" in ji dattijon, wanda har lokacin Faransa yake ce wa Nijar. "Nan Faransa ce, dama ake bi!"

"Wallahi Baba, hannuna na bi!"

Suna ta musu, ni ko na kasa ɗagowa, don yarinyar ta yi tsit. Wata tsohuwa ta sauko daga baya ta leƙo.

"'Yar nan, ɗaga mana ta sha iska."

Na ƙi. Tsoron abin da zan gani nake. Tsohuwar ta ɓamɓare yatsuna da ƙarfi, ta ɗauke ta, ta hura mata iska a fuska. Can sai yarinyar ta ja numfashi ta tsala kuka.

Ko ƙwarzane ba ta samu daga motar ba. Riƙon da na yi mata ne ya kusa kashe ta.